Igiyar Jirgin Fito Kafin Kogi Ya Cika

Zuwa ga ɗana Magaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Innarka da ƙannenka. Direban motar kaya ya kawo mini wasiƙarka, har da shatin yatsanka na giris a gefe, na ce lallai a kan jirgi aka rubuta wannan. Ni lafiyata lau, sai gwiwar nan da take yi mini tsiya duk sanda zan hau benen kwaleji.

Ka tambaye ni shekara nawa igiyar ƙarfe take yi kafin ta mutu. Kada ka ji kunya, duk shekara sai sababbin ɗalibaina sun yi mini wannan tambayar, a kan igiya ko batir ko bel ɗin inji. Mutane suna zaton kowane ƙarfe yana da ranar mutuwarsa a rubuce a wani littafi, malami kawai zai buɗe ya karanto musu. Wasu kuma gani suke abin da bai tsinke jiya ba, yau ma ba zai tsinke ba. Duka biyun ruɗu ne. A yanko igiya biyu daga naɗi ɗaya, ɗaya ta ga jikoki, ɗaya ta mutu da ƙuruciyarta. Ya danganta da ruwan da ta sha da nauyin da ta ja da hannun da ya kula da ita.

Igiyar jirginmu kuwa ba wasa ba ce. Ita kaɗai ce ke riƙe da jirgin daga gaɓa zuwa gaɓa. Tun ina yarinya nake ganin abin da kogin nan yake yi idan ya cika. Tunda Yaya, mahaifinka, ya rasu, Allah ya jiƙansa, ka karɓi fiton, kullum ina tuna cewa ’yan makaranta da matan kasuwa a kan wannan igiyar suke tsallakawa.

Amma wannan Mai Igiya da ka ce ya zo ya duba ya ce a sauya ta kafin ruwa ya hau, wa ya kira shi? Ka ce haka kawai ya sauko daga mota ya tsaya yana girgiza kai. Mutumin da yake ci da sayar da igiya, ko ta jiya ka nuna masa sai ya girgiza kai. Ban ce maƙaryaci ne ba. Na ce dai kada idonsa ya zama naka.

Ga abin da za ka yi. Igiyar ƙarfe siraran wayoyi ne da yawa aka tufke. Idan ta fara gajiya, na waje ne suke fara karyewa, bakinsu ya miƙe tsaye kamar ƙaya. Ka samu tsumman auduga, ka riƙe igiyar da shi sako-sako, jirgi yana tafiya a hankali, daga wannan turke har wancan. Duk inda tsumman ya maƙale, waya ta karye a nan. Ka shafa fenti a wurin. Idan nan ɗaya can ɗaya ne, da sauran kwana. Idan sun taru a wuri guda, magana ta canza. Ka kula da tafin hannunka.

Ka gaishe da Kyaftin, tsohon ma’aikacin Yaya, ka ce masa har yanzu ina jin haushin ranar da ya hana ni riƙe sitiyari wai don ni mace ce.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Inna tana gaishe ki, ta ce ki daina hawan bene ki sa ɗaliban su sauko su same ki. Ta ɗan yi mura amma ta warware.

Na yi gwajin tsumma. Na yage tsohuwar rigar Baba na riƙe igiyar tun daga turken gabas har na yamma, Kyaftin yana jan jirgi a hankali yana tambayata ko wanka nake yi mata. Gwaggo, ko sau ɗaya bai maƙale ba. Sumul take. Na dawo da gwangwanin fentin ban ko buɗe shi ba.

Da Mai Igiya ya sake zuwa na gaya masa, ina murna. Sai ya yi wata ’yar dariya ya ce, “Tsumma? To, Allah ya ba tsumma sa’a.” Na ce masa malamar injiniya ce ta koya mini. Ya ce ai ya san kwalejinku, yana kai musu kaya, ya ma san benen da kike hawa. Daga nan na fara jin wani iri. Gwaggo, ki yi haƙuri da tambayar, ke kika turo shi? Na san tun rasuwar Baba kin so in koma karatu a bar fiton nan. In haka ne ki gaya mini kai tsaye.

Akwai wani abu kuma. Na ce masa ba mu da ƙarfin sabuwar igiya yanzu. Bai ko yi tunani ba ya ce, “Kuɗi ba matsala ba ne, ai na ga lambun nan naku na bayan gida.” Inna tana tsakar gida ta ji. Ta fito da muciya a hannu ta ce, “Igiya ka zo gani ko lambu? Wa ya nuna maka hanyar bayan gidana?” Bai tsaya shan ruwan da aka kawo masa ba.

Sannan ran kasuwa na hango shi a ƙarƙashin rumfa yana shan shayi da Mai Kwalekwale, wannan da ya sa wa kwalekwalensa inji bara yana ta zagaye fasinjojinmu. Idan na ɗaure jirgi don sauya igiya, duk matan kasuwa wurinsa za su koma, kuma kin san mutum in ya saba da hanya. To ni dai ga yadda na haɗa abin: ɗaya yana son lambu, ɗaya yana son fasinja, igiya kuwa lafiyarta lau. Tsummanki ma ya shaida.

Ruwa bai fara hawa ba tukuna, amma ya fara sauya launi.

Ɗanki Magaji

*

Magaji,

Ina gaishe ku duka. Ka ce wa Innarka muciyarta ta burge ni.

Ban turo kowa ba. Rabin garin nan suna kai wa kwaleji kaya, benen kuwa guda ɗaya ne, kowa ya san shi. Da ina son ka bar fito, da bakina zan faɗa, ka san ba ya ciwo.

Amma labarin tsumman nan bai kwanta mini ba. Na karanta layin sau uku. Wannan igiyar an ɗaura ta tun kafin ka shiga sakandare. Tana shiga ruwa tana fita, tana bin kan tayar ƙarfe safe da yamma, ta ja shanu ta ja motoci. A ce duk tsawonta babu waya ko ɗaya da ta karye? Da ka ce mini ka samu wurare kaɗan, da na yi barci. Babu ko ɗaya ɗin nan ne ya tsorata ni. A ajina, ɗalibin da ya kawo mini sakamako mai tsabta haka, nakan ce ya koma ya sake a gabana.

Ka tabbata ka bi ta har tsakiyar kogi, inda take nutsewa? Ko a kusa da gaɓa ka tsaya, inda take a bushe? Tsumman ya taɓa ta ta ƙasa, ko samanta kawai ka shafa? Ban yarda da wannan sakamakon ba, ɗana. Akwai abin da ba a gaya mini ba.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Muna lafiya.

Na ga wasiƙarki. Na daɗe ban amsa ba saboda ban san me zan ce ba. Tun ina ƙarami ban taɓa yi miki ƙarya ba, ko a kan ƙwallon da na fasa miki gilashi da shi. Yanzu a kan igiyar da ƙannena suke tsallakawa makaranta a kanta zan fara?

Na sake gwajin. Na kira tela da mai shayin bakin fito suka hau jirgi suka zama shaidu. Sama da ƙasa, har tsakiya. Bai maƙale ba. In kina so su sa hannu a takarda, sai su sa.

Ke kika ce in gwada da tsumma. Na gwada ya nuna lafiya, kin ce ba ki yarda ba. Mai Igiya ma haka ya ce. Ban ce kun haɗa baki ba, amma maganarku ta zama ɗaya.

Magaji

*

Ɗana Magaji,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka kafin fushin ya yi tsatsa. Direba ya ce da ya karɓi takardarka ko gaisuwa ba ka haɗa masa da ita ba. Shirun da ka yi kafin ita ya fi gwiwata damuna, don kullum sai na kunna rediyo in ji ko an ce ruwa ya sauko daga tudu.

Na sake duba abin da na rubuta, na ga inda ya soke ka. Ka yafe mini. Sakamakon nake tuhuma, ba kai ba. Na saba da ɗalibai, sai na manta cewa kai ba maki kake nema ba. Na yarda ka ja tsumma, na yarda bai maƙale ba. Tela da mai shayi su koma bakin aikinsu.

To amma ka zauna mu yi tunani tare, don abin yana da daɗin warwarewa in ka cire tsoron. Tsumma ba ya ganin karyayyiyar waya. Bakinta da ya miƙe yake kamawa. Idan tsohuwar igiya ba ta kama tsumma ba, ɗayan biyu ne: ko dai wayoyin ba su karye ba, wanda ban taɓa gani ba, ko kuma sun karye amma bakin nasu ba ya nan. Bakin waya kuwa ba ya tafiya da ƙafarsa.

Saboda haka abu biyu nake so. Na farko, ka je bayan turke, inda ragowar igiyar take naɗe ba ta taɓa aiki ba. Ka samu ɗan katako ka yanka masa baki daidai kaurinta, ya shiga da ƙyar. Sai ka bi igiyar da shi. Inda ya shiga yana lilo, ta rame a nan. Igiya takan rame idan zaren da ke tsakiyarta mai riƙe mai ya bushe, ko tsatsa ta ci ta daga ciki.

Na biyu, kada ka gaya wa kowa. Ka sauka bakin kogi da sassafe kafin fiton farko, ka tsaya inda ba za a gan ka ba, ka ga ko akwai mai taɓa igiyar nan. Ba na zargin wani da suna. Amma tunda ka ce akwai masu son a ɗaure jirgin, ni ma na fara ƙirga mutane a raina, kuma ba na jin daɗin hakan.

Gwaggonka mai kaifin baki

*

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na yafe, ni ma ki yafe mini. Inna lafiya, sai dai ta daina yi mini magana sosai, za ki ji dalili.

Na yi yadda kika ce. Da gari ya fara wayewa na laɓe bayan tulin buhunan da ake jira a tsallakar. Can sai ga mutum ya tura ƙaramin kwalekwalenmu, ya kama igiya da hannu ɗaya yana bin ta. Yana tafiya yana tsayawa. In ya tsaya sai ya ciro wani abu daga aljihu ya sunkuya. Kyaftin ne, Gwaggo. Filaya ce a hannunsa.

Mutumin da ya goya ni a kan jirgin nan. Nan take na tuna ɗansa yana aiki wurin Mai Kwalekwale, na ce shi ke nan, an saye shi, yana cin igiyar kaɗan-kaɗan. Na jira ya dawo gaɓa na tare shi.

Na ce, “Kyaftin, nawa aka ba ka?”

Ya ce, “Na me?”

Na ce, “Na filayar nan.”

Ya dubi filayar, ya dube ni. Ya ce, “Ɗan maigida, ka karya kuwa? Yunwa ce take sa mutum irin wannan magana.”

Na ce ya bar wasa, na gan shi yana yanka igiya. Sai ya ce, “Yanka? Aski nake yi mata.” Wai tun lokacin jinyar Baba wata yarinya ’yar makaranta ta dafa igiyar, waya ta tsaga mata tafin hannu, uwarta ta zo ta yi masa tas a gaban mutane. Daga ranar ya ɗauki alkawari babu wanda zai sake zubar da jini a jirginsa. Kullum da safe yana bin igiyar, duk wayar da ta miƙe sai ya kama ta da filaya ya lanƙwasa gaba da baya har ta karye can ciki, ya cike gurbin da giris. Ya ce, “Ka taɓa jin wani ya yanke tun daga nan? To.” Yana faɗa yana alfahari.

Na ce me ya sa da ya ga ina jan tsumma bai gaya mini ba? Ya ce, “Ka tambaye ni? Kai da gwaggonka kuna ta rubuce-rubuce. Na ɗauka tsabtarta kuke dubawa, har na ƙara tashi da wuri don kada in ba ka kunya gaban tela.”

Gwaggo, ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Na ce ina guntayen? Ya ce ba ya zubarwa a ruwa saboda masu wanka, ba ya zubarwa a gaɓa saboda yara marasa takalmi. Ya shiga rumfarsa ya ɗauko gwangwanin madara, babba. Ya kusa cika. Na ce daga ina suka fi fitowa? Ya ce yawanci daga tsakiya, amma ba ya riƙe wuri, kuma kwanan nan gashin nata ya fi saurin tsirowa. Da ya ga fuskata sai murmushin ya ɗauke. Ya ce, “Na yi ɓarna ne?” Na bar shi nan na nufi jirgi. Har yanzu bai daina jin ciwon nawa-aka-ba-ka ɗin nan ba, a gaban fasinja “ranka ya daɗe” yake ce mini.

Katakon ma na gwada. A gefe da gefe yana shiga da ƙyar. A tsakiya yana ɗan motsi, ba lilo sosai ba, amma yana motsi.

To yanzu ga inda nake. Na san wayoyi sun karye da yawa, ban san nawa suka rage ba. Wataƙila ta kai mu bayan damina, wataƙila ba ta kai ba. In za a sauya, dole yanzu ne, don in kogi ya cika ba mai iya tsallakar da sabuwa. In na sauya, sai an taɓa lambu, Inna kuwa ta ce a kan gawarta. Ta ce igiyar da Baba ya ɗaura da hannunsa ta fi duk abin da ake ƙerawa yanzu. A nan ma tana da gaskiya, don wa ya ce ta Mai Igiya mai kyau ce? Kada in cire tsohuwa mai gaskiya in ɗaura sabuwa ta jabu.

Ki faɗa mini kawai: za ta kai ko ba za ta kai ba?

Ɗanki Magaji

*

Ɗana,

Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin ƙofar aji. Ina gaida Innarka ko da ba ta amsawa.

Kafin komai, ka je ka ba Kyaftin haƙuri a gaban mutanen da yake ce maka ranka ya daɗe. Abin da ya yi, ana yin sa, don waya mai tsini tana cin na kusa da ita. Kuskurensa ɗaya ne, bai bar alama ba kuma bai faɗa ba. Ni ma da na ce ka laɓe, ɓarawo na sa ran za ka kama.

Za ta kai ko ba za ta kai ba? Ban sani ba. Wanda duk ya ce maka ya sani, ko Mai Igiya ne ko ni, ka riƙe aljihunka. Da ina gabanta da na’urorin kwaleji ma, iyaka in ce maka ta raunana, ba zan iya ba ka rana ba.

Amma ba sai ka san ranar ba kafin ka yanke shawara. Kuskure biyu ne a gabanka, dole ka yarda za ka iya faɗawa ɗaya. Ko ka sauya da wuri, ka yi asarar sauran kwanan da ke jikinta, da wani yanki na lambu, da fasinjan da za su bi Mai Kwalekwale. Ko ka makara. Ka rufe ido ka ga ranar makarar: kogi a cike, jirgi a tsakiya, wa da wa ke ciki? Na farkon za ka iya zama ka ba Innarka haƙuri a kansa. Na biyun ban san gidan da za ka fara shiga ta’aziyya ba.

Kuma ka lura da kalmar Kyaftin, cewa gashin ya fi saurin tsirowa. Duk wayar da ta karye, nauyinta kan ’yan’uwanta yake komawa, su ma su gaji da wuri. Igiya ba ta tsufa a hankali har ƙarshe. Sai ta daɗe tana tafiya, sannan ta ruga. Ga shi lokacin da ruwa zai fi jan ta ne ke zuwa.

Daga yau kada mota ko shanu su hau jirgin. Mutane ma rabi-rabi.

Game da jabu, tsoronka daidai ne, kuma yana da magani. Ka ce Mai Igiya ya yanko maka kamu ɗaya daga ainihin naɗin da zai sayar maka, a gabanka. Ka yanko kamu ɗaya daga ragowar ta Yaya da ke bayan turke. Ka warware su gefe da gefe. Ka gwada yawan wayoyin da kaurinsu, ka matsa zaren tsakiya ka ga ko mai zai fito, ka lanƙwasa waya ɗaya daga kowacce ka ga wadda ta riga karyewa. In ya hana ka yanka, ka samu amsarka. Lambu kuwa kada ya shiga hannunsa ko da igiyarsa ta zinariya ce. A sayar wa wani daban, a biya shi a sallame shi. Ka ce wa Innarka rabona na gado da ke cikin lambun shi za a fara yanka, ba nata ba.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na san kin ji shiru, aiki ne ya sha kaina. Kowa lafiya. Inna ta fara yi mini magana, amma ta bakin ƙanwata.

An sauya igiya. Mai Igiya ya yarda aka yanka, yana ta mita wai ba a taɓa wulaƙanta shi haka ba. Tasa ba ta kai ta Baba laushi ba amma wayoyin sun cika, mai ya fito. Ɓangarenki na lambun makwabcinmu ya saya. Mun tsallakar da sabuwar igiyar, ruwa yana kai wa Kyaftin ƙirji, bayan kwana kaɗan kogi ya cika har ya taɓa matakalar rumfar mai shayi. Jirgi yana tafiya lafiya. ’Yan makaranta sun dawo. Matan kasuwa kuwa kusan rabi sun zauna wurin Mai Kwalekwale. In ya wuce mu sai ya ɗaga hannu ya ce, “Sabuwar amarya, a sha ƙamshi!”

Ga abin da ke cina. Tsohuwar tana nan a naɗe a gaɓa. Na sa zarto na yanke ta wuri uku don in nuna wa Inna ruɓar da ke ciki. Gwaggo, fes take. Wayoyin suna ƙyalli, zaren tsakiya da ɗanshin mai. Inna ta leƙa, ta dubi inda aka kafa sabon shinge a lambu, ta juya ta shiga ɗaki. Mai Kwalekwale har aiko yaransa ya yi su gani.

Kullum ina juya abin. Mai Igiya ya yi ciniki. Mai Kwalekwale ya samu fasinja. Makwabci ya samu ƙasa, kuma yanzu na ji ashe surukin Mai Igiya ne. Ni na rasa wanda ban zarga ba. Anya ba a yi mini wayo ba?

Magaji

*

Ɗana Magaji,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na karanta “jirgi yana tafiya lafiya” na zauna a kan matakala, ɗalibai suna ratsa ni, ban damu ba.

Mai yiwuwa makwabcin da surukinsa sun yi dariya a ɗaki. Ba zan rantse maka ba su yi ba. Mutum yana iya son lambunka kuma ya faɗi gaskiya a kan igiyarka. Kai ba don maganarsa ka sauya ba. Don gwangwanin Kyaftin ne da katakon da ka yanka da hannunka.

Yanzu gaya mini, ina ka yanka? Na san ka. Igiya a naɗe, mai nauyi, ka kama inda hannu ya fi kaiwa, wato bakin da ke sama, wanda ya yi rayuwarsa kusa da turke a inuwa. Tsakiyar tana can ƙarƙashin naɗin.

Ka tara Kyaftin da wasu ƙarti ku warware ta a kan yashi. Ka bi ta da katakonka har inda yake motsi. Kada ka sa zarto tukuna. Ka kankare giris ɗin, ka lanƙwasa wurin a kan gwiwarka, ka kai kunnenka kusa. Igiyar da ta mutu a ciki tana ƙas-ƙas kamar an taka busasshen kara, wani lokaci har jan gari ya zubo. Sannan ka yanka ka buɗe.

Ba na yi maka alkawarin abin da za ka gani. Mai yiwuwa ka samu ruɓa, mai yiwuwa ka samu igiyar da za ta iya wata daminar. In ta biyun ce, ka rubuto ka faɗa mini duk abin da ke bakinka, zan karanta wa ajina da kaina, kuma ba zan ce ka yi kuskure ba ko a ranar. Abin da ka sani lokacin da ruwa yake hawa, shi ka yi aiki da shi.

Ka kira Innarka ta tsaya kusa, ko ba za ta yi magana ba. Ka sa gwiwa, ka lanƙwasa, ka saurara da kunnenka.

Gwaggonka